Matar Da Ta Juya Wa Talabijin Baya

Duk wanda ya taɓa kai gyaran kaya hawa na biyu a dogon benen nan mai fenti ruwan toka ya san Tela, kuma bayanta ya fara sani kafin fuskarta. Kekenta na ɗinki yana manne da bango a ƙarƙashin taga, don nan haske yake, saboda haka in ka turo ƙofar falon abin da zai tarbe ka shi ne ƙeyarta da tef ɗin awo rataye a wuya. Ba ta ɗinka sabo. Gyara ne sana'arta: wandon da ya yi tsawo, rigar da mai ita ya yi ƙiba ya ce wai ita ce ta tsuke, zif ɗin da ya ci amanar mutum a tsakiyar taro. Shekara talatin da huɗu tana kan kujerar nan, ba a taɓa jin an dawo mata da aiki ba. Faɗa kam akwai shi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Daidai ƙeyarta akwai talabijin, da bidiyo irin na da mai haɗiye kaset, da kanta mai hawa biyar da ta lanƙwashe saboda nauyi. Duk na mijinta ne, wanda unguwa take kira Mai Mita, don aikin da ya yi har ya yi ritaya ke nan: bin gida-gida yana karanta mitar ruwa. Ya durƙusa, ya ɗaga murfi, ya haska tocila, ya rubuta lamba, ya yi gaba. Siririn mutum ne mai sanyin magana, wanda in kyankyaso ya shigo ɗaki sai dai ya kira matarsa. Amma fa a ba shi labarin dodanni! Kullum a jakar aikinsa akwai wani ƙaton littafi mai jajayen takardu, in ya sami inuwa a ƙarƙashin matakalar wani gida sai ya zauna ya buɗe. Ya karanta na sarakunan ƙasashen da babu su a taswira, ya karanta na gidajen da matattu suka ƙi tashi daga cikinsu, ya karanta irin tsofaffin nan da mutum zai yi shafi arba'in yana shawarar ƙwanƙwasa ƙofa. Kaset-kaset ɗin ma haka suke, yawancinsu marasa launi, daga mai kururuwa sai mai gurnani.

Ranar hutu bayan an ci abincin rana, sai ya ja labule rabi, don ɗaya rabin na Tela ne kuma ba ya taɓuwa. Ya zauna a kujerarsa mai hannu ɗaya, ya saka kaset. Ita kuma ta yi tsaki.

"Mutum da furfurarsa, an rasa abin da za a kalla sai aljanun roba. Allah ya shirye ka, Baban Auta."

"Amin, Tela," in ji shi, ko a jikinsa.

Tana da dalilinta. Shekarar farko da aurensu, tana da cikin fari, ya saka wani fim tana ɗinki. Ana cikin shiru sai wani abu ya fasa ihu, ta zabura ta taka keken, allura ta shige farcen manuninta ta fito ta ƙasa. Har yau farcen a tsage yake fitowa. Ranar ta rantse ba za ta ƙara ɗora idonta a kan shirmen nan ba, kuma Tela in ta faɗi magana ta faɗe ta. Shekara talatin da uku ba ta waiga ba.

Bayan abin allurar ne kuma Mai Mita ya kamu da wani tari. Tarin nan ba ya zuwa a wurin aiki, ba ya zuwa da safe, sai ranar hutu in ya zauna kallo. Tela ta ce ƙurar tsofaffin littattafai ce da ta kaset, ta yi masa tatas, sannan ta tashi ta haɗa masa zuma da lemon tsami a ruwan ɗumi. Haka ta riƙa yi duk mako. Shi kuwa ya karɓa hannu biyu ya shanye, ya ce Allah ya yi albarka, mako ya zagayo tari ya dawo.

Abin da Tela ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko 'ya'yanta, shi ne ta fi shi ɗokin ranar hutu. Duk aikin hannu da ya shigo cikin mako, saka maɓalli ne, kalmasa ce, sai ta ware shi gefe ta ce na ranar hutu ne, wai don ƙafarta ta huta da taka keke. Ƙarya take yi, ƙarar keken ce ba ta so ta hana ta ji. Yaren mutanen fim ɗin ba wani jinsa take yi ba, sai tsinta-tsinta, amma ta san su duka da kunne. Har sunaye ta raɗa musu a ranta: mai agogo, mai kukan ƙofa, mai yarinyar da ke waƙa da hanci. Wanda ta fi so shi ne mai ɗigon famfo. Idonta a kan allura, gabanta yana faɗuwa, tsikar jikinta tana tashi, bakinta kuma yana mita. In fim ya ƙare ta ce, "Alhamdu lillahi, kunne ya huta."

To, sai ciwon ido ya zo wa Mai Mita, irin wanda ba ya zafi, sai dai ya riƙa cin gani daga gefe-gefe. Da farko yana tuntuɓe da takalmi a bakin ƙofa, tana yi masa faɗan rashin kula. Kafin a je asibiti abin ya yi nisa. Aka yi ta ɗiga magani, aka yi aiki har sau biyu, ƙarshe likita ya cire tabarau ya yi musu magana a hankali, irin maganar da tun kafin a gama ta ka san me ake nufi.

Bai yi kuka ba, bai yi ƙorafi ba. Da ma ya yi, da sauƙi. Shiga ɗaki ya yi ya kwanta ya juya wa bango fuska, ya daina fitowa falo sai in an riƙo hannunsa za a kai shi wanka. A kawo abinci ya ci loma uku ya ture. A yi masa magana ya ce "to". Wata takwas ana haka. Wandunansa suka fara zame masa, Tela ta rage musu ƙugu sau ɗaya, ta sake ragewa, a na uku ta riƙe almakashi ta kasa yankawa, ta kifa kai a kan keken ta yi kukanta ba mai ji. Tsoro take ji, tsoro na gaske, ba irin na ranar hutu ba. Mijinta yana tafiya a gaban idonta alhali likita ya ce ban da idon lafiyarsa ƙalau.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe mai aiki a kantin magani, ita ke leƙo su kullum in ta tashi. Wata Laraba ta shiga gaishe shi, sai ya yi mata maganar da ta fi kowace tsawo a wata takwas.

"Ki samo mai sayen tsofaffin kaya ya kwashe kantar nan. Littattafan, kaset ɗin, bidiyon, duka. Uwarki ta daɗe tana son wurin."

Auta ta fito da murnarta, ita a ganinta an samu abin da zai faranta wa uwar rai.

"Mama, yau dai kin yi nasara. Asabar da safe zan zo da mutumin. Sai ki sa teburin yanka a wurin."

Tela ta ɗago kai. Me za ta ce? Shekara talatin da uku tana cewa a fitar mata da tarkacen nan. Ta ce, "Ya yi," ta ci gaba da warware zare. Amma ta san mijinta. Mutumin da ya ce a kwashe kantar nan ba gyaran falo yake yi ba, sallama yake yi. In kwalayen nan suka sauka matakala ranar Asabar, ba abin da zai ƙara fito da shi daga ɗakin can.

Ranar Juma'a da hantsi ta ɗauko kwalaye ta fara zubawa, tana goge kowane kaset da tsumma ba tare da ta kalli hoton jikinsa ba. A hawa na ƙasa, can bayan littattafai, ta ci karo da wasu ƙananan littattafan aiki guda tara, irin waɗanda yake rubuta lambar mita. Ta buɗe ɗaya. Rubutunsa ne, ƙanana a jere, amma ba adireshin gidaje ba ne. A saman shafi an rubuta: "Fim ɗin masana'antar ƙanƙara." A ƙasa kuma: "0388, tari. 0915, tari. 1460, tari biyu, a rage sauti." Ta buɗe wani shafin, wani fim ne, da nasa lambobin, da nasa tarin. Ta ɗaga kai ta dubi goshin bidiyon, inda lambobi huɗu suke gudu in kaset yana juyawa.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Sai yanzu ta tuna, ba a taɓa yin ihu a talabijin ɗin nan ba sai tari ya riga shi, kuma duk sanda ya yi tari sai ta ɗaga allura ta juya ido sama don haushi, ihun ya zo ya wuce hannunta ba ya kan aiki. Ta tuna yadda yake ƙin raka ta sayo zare da safiyar ranar hutu, tana ce masa malalaci. Ashe zama yake yi ya kalli fim ɗin shi kaɗai da biro a hannu. Ta dubi tsagaggen farcenta. Hawaye ya zo, amma haushi ya riga shi isowa.

"Zumata!" ta ce da ƙarfi, ita kaɗai a falo. "Shekara talatin da uku ina narka wa mutumin nan zuma!"

Ta tashi ta laluba cikin kwali har ta sami kaset ɗin da aka rubuta wa sunan masana'antar ƙanƙara. Hannunta bai saba ba, sai da ta juya shi sau biyu kafin bidiyon ya haɗiye. Ta ja labule rabi, ta buɗe ƙofar ɗakinsa wangalau, ta ƙure sauti, ta koma kujerarta ta ɗauki wata riga mai neman maɓalli. Kiɗan farko yana tashi ta gane shi. Mai ɗigon famfo ne.

"Tela," muryarsa ta fito daga ɗaki. "Kashe."

Ta yi biris.

"Tela, don Allah kashe abin nan."

"Ban iya ba. Mai kayan ya zo ya kashe kayansa."

Can sai ta ji gado ya yi ƙara, ta ji tafin hannu yana shafar bango, ta ji ƙafa tana ja a hankali. Ba ta waiga ba, ba ta tashi ta riƙo shi ba. Rabonsa da ƙetare ƙofar nan da ƙafarsa shi kaɗai tun ranar da suka dawo daga asibiti. Ya zo har tsakiyar falo yana huci, gwiwarsa ta bugi kujerarsa mai hannu ɗaya, ya dafa ta.

"Wulaƙanci ne wannan? Me makaho zai yi da fim?"

"Zauna tukuna, ina da shari'a da kai. Sifili, uku, takwas, takwas. Mene ne shi?"

Sannu a hankali ya zauna.

"Kin taɓa mini littattafai."

"Na taɓa. Maƙaryaci kawai. Ka san nawa na yi ta fama da masu zuma ina cewa tasu gauraye ce shi ya sa ba ta yi maka aiki? Har da wani bawan Allah na daina gaisawa!"

Gefen bakinsa ya motsa kaɗan, amma bai kai ga murmushi ba. Ya ce, "An gama ai. Abin kallo ne, Tela, ba abin saurare ba."

"Au! To ni me nake yi a nan duk shekarun nan? Gadi?"

Kafin ya amsa, ƙarfe ya buga a talabijin, mace ta ƙwala ihu. Mai Mita ya zabura har ƙafarsa ta yi fatali da kwalin da ke gabansa. Mutumin da ya kalli fim ɗin nan ya fi sau goma, yau shi ne yake rawar jiki. Kunya ta kama shi, ya yunƙura zai tashi.

"Kin gani ko? Ko inda abin yake ban sani ba."

"Don ba ka taɓa jinsa ba ne, kallonsa kawai kake yi. Zauna. Kasa kunne. Ka ji famfon nan?"

"Na ji."

"Muddin yana ɗiga ba abin da zai faru, ko da kiɗa zai tsage. Yaudara ce. In ya tsaya, to ka ƙirga uku. Yanzu mai takalmin ƙarfen nan zai sauko matakala, ta huɗu ce mai ƙara. Ga ta nan. Zai kira sunan abokinsa sau biyu, na biyun muryarsa za ta karye."

Mutumin cikin fim ya kira sau biyu, muryarsa ta karye. Mai Mita ya juyo da fuskarsa wajenta, baki a buɗe.

"Ke da kike cewa aljanun roba?"

"Har gobe aljanun roba ne. Yi shiru, kana sa ni asarar wuri mai daɗi."

Suka kasa kunne tare, famfo yana ɗiga. Can ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da muryar faɗa ba.

"Gogewa suke yi, Tela. Hotunan. Ina kwance ina neman fuskar abin nan na cikin tankin ruwa, na rasa ta. Ina neman fuskar Auta, sai ta zo ta narke. Shi ya sa ba na son motsi, gani nake in na motsa sauran ma za su zube. Abu ɗaya ne bai goge ba, ƙeyarki da tef."

Allurar ta tsaya a hannunta.

"Yanzu zai fito," in ji shi. "Ki duba mini shi sau ɗaya. Ki gaya mini yadda yake."

Rantsuwar shekara talatin da uku ce, amma ba ta ko tsaya shawara ba. Ta soke allura a jikin rigar, ta kama kujerar ta juya ta, ƙafafun kujerar suna kuka a kan siminti. Ta riƙe gefen zaninta gam. Famfo ya tsaya. Ɗaya, biyu, uku. Murfin tanki ya ɗaga, abin ya fito yana gurnani, ya juya baya zai kama mai takalmin ƙarfe.

Tela ta matso da fuska, ta ƙanƙance ido.

"Kai! Wannan ne?"

"Yaya yake?"

"Wani ƙato ne a cikin rigar roba, hannun ya yi masa tsawo. Ga zif nan a bayansa tun daga wuya har ƙugu, a karkace, ya tattare a tsakiya. Wallahi wanda ya saka zif ɗin nan da a hannuna yake koyon aiki, da yau ya koma gidansu. Wannan abin na yi shekara talatin ina jin tsoro?"

Dariya ta ƙwace wa Mai Mita. Ta fito a shaƙe kamar famfon da ya daɗe ba a buɗe ba, sannan ta ɓalle, har da riƙe ciki, har da hawaye. Tela ta tsaya tana kallonsa, ta bar dodon yana ta haukansa.

Da ya lafa, ya share ido ya ce, "To ke me kike gani duk shekarun nan?"

Ta mayar da kujerarta yadda take, fuska ga bango, ta ɗauki allura.

"Nawa ba shi da gurnani, gurnanin na injin masana'antar ne. Siriri ne, a jiƙe, ƙafafunsa ƙanana irin na yaro. Kayan mutanen da ya ɗauke yake sakawa, ya rage su daidai jikinsa. In ka duba ɗinkin, lafiyayye ne, layi ɗaya ba karkata, amma ba za ka ga inda aka fara ba, ba za ka ga ƙulli ba. Ɗigon da kake ji ba famfo ba ne, daga bakin hannun rigarsa yake sauka. In ya tsaya, to ya ɗaga hannun ne."

Mai Mita ya shafa damtsensa, gashin jikinsa duk ya miƙe.

"Subhanallahi. Tela, ashe da abin da nake zaune a gida ɗaya ke nan." Ya gyara zama, ya jingina. "Ci gaba. Daga nan sai me?"

Ba ta amsa ba, don kunnenta yana wani wuri. Ɗigon ya tsaya. Ta dubi hannunsa a kan hannun kujera, ta gyara murya, ta yi tari sau biyu. Ya ƙanƙame kujerar, ihun ya zo ya wuce, bai zabura ba.

Ba a ce ido ya dawo ba, kuma ba a ce daga ranar bai ƙara kwanciya ya juya wa bango fuska ba. Amma da yammar nan ya cinye abincinsa, har ya tambaya ko akwai saura.

Asabar da hantsi Auta ta hawo matakala, mai sayen tsofaffin kaya yana biye da ita da igiya a kafaɗa. Ta turo ƙofa ta tsaya turus. Kwalaye a wofi, kanta a cike, labule a ja rabi tun ba a ci abincin rana ba. Uwarta tana fuskantar bango tana saka maɓalli, tana bayanin wani agogo da ke bugawa a gidan da ba kowa. Ubanta yana kan kujerarsa mai hannu ɗaya, ya karkata kai yana saurare.

"Baba, ga mutumin ya zo."

"Ba shi haƙuri, ki ba shi na mota. Ba na sayarwa ba ne."

"Amma Mama ta ce..."

Tela ta yi tari, mai ƙarfi. Wani abu ya fasa ihu a talabijin, mai sayen kaya ya yar da igiyarsa ya yi baya har ya bugi ƙofa. Mai Mita ko gezau, ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji muryar 'yarsa.

"Auta, in kin sallame shi ki shiga kicin ki haɗa wa uwarki zuma da lemon tsami. Tarin nan nata ya fara damuna."